Idan Ciwo Ya Raba Ka da Aiki a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Tallafin Nakasa na Gwamnati

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin mutanen da rashin lafiya ya zaunar da su, da iyalan da ke ɗawainiya da su. Adadin kuɗin da aka ambata na shekarar 2025 ne. Kusan duk watan Janairu ana ɗan ɗaga su, amma ƙashin bayan dokar ya daɗe yadda yake.

1. Wane tallafi gwamnatin tarayya ke ba wanda ya kasa aiki?

Iri biyu ne, kuma hukuma ɗaya ce ke riƙe da su, wato SSA, hukumar fansho da tallafin nakasa ta tarayya, mai hedikwata a kusa da Baltimore. Na farko shi ne SSDI. Wannan inshora ce da ka riga ka biya da guminka: a kowane albashi an cire maka kashi 6.2 cikin 100, wanda kake wa aiki ya ƙara daidai da haka. An shigar da shi cikin doka a 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, a kan tsarin fansho da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1935. Babu ruwansa da ko kana da gida ko ajiya a banki.

Na biyu shi ne SSI, wanda aka yi dokarsa a 1972, aka fara biya a Janairun 1974. Daga baitulmali ake biyan sa, ga nakasassu da makafi da waɗanda suka kai shekara 65 idan ba su da hali, ko da ba su taɓa aiki ba. Ma'aunin rashin lafiya ɗaya ne ga baligi a duka biyun, kuma akwai masu karɓar su tare. Da yawa daga cikinmu na jin nauyin nema, suna ganin kamar bara ce. Wanda ya yi shekara goma sha biyar ana yankar albashinsa bai kamata ya ji kunyar karɓar haƙƙinsa ba.

2. Me hukumar ke nufi da nakasa?

Sharuɗɗa uku ne a haɗe. Ciwon, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, ya zama likita zai iya tabbatar da shi ta gwaji ko bincike. Ya kai wata 12 a jere, ko ana sa ran zai kai, ko kuma zai zama ajali. Sannan ya hana ka aikin da zai kawo kuɗin da ya kai wani mizani: dala 1,620 a wata kafin cire haraji, ko dala 2,700 ga makaho.

Sunan ciwon kaɗai ba ya isa. Mutum biyu na iya zuwa da ciwon suga, a ba ɗaya a hana ɗaya, saboda na farkon ya taɓa masa ido da jijiyoyin ƙafa, na biyun kuwa yana zuwa aiki da allurarsa a jaka. Abin da suke aunawa shi ne me ya rage da za ka iya yi, awa takwas a rana, kwana biyar a mako, a kai a kai. Wanda ya fahimci wannan tun farko ya rage wa kansa wahala a duk matakan da ke gaba.

3. Likita ya ce wata shida zan yi ina jinya. Zan samu?

A'a. SSA ba ta biyan nakasar ɗan lokaci, ba ta kuma biyan rabi da rabi. Duba ko wurin aikinka na da inshorar gajeren lokaci. Jihohin Kalifoniya, New York, New Jersey, Rhode Island da Hawai na da irin wannan tsari nasu. Idan a bakin aiki ka ji rauni, diyyar ma'aikata za ka fara nema. In jinyar ta zarce yadda aka zata, dawo ga tambaya ta 11.

4. Shekara nawa ya kamata in yi ina aiki kafin in cancanci SSDI?

Da maki ake lissafi. A 2025 duk dala 1,810 da ka samu kuma aka biya mata haraji maki ɗaya ne, kuma ba a wuce huɗu a shekara. Idan ciwon ya same ka kana da shekara 31 ko fiye, ana so ka tara maki 20 cikin shekara goman da suka gabace shi, wato aikin shekara biyar ke nan. Bayan haka akwai jimillar da ke ƙaruwa da shekaru: mai 50 na bukatar maki 28, mai 62 na bukatar 40.

An sassauta wa matasa. Wanda bai kai 24 ba, maki shida cikin shekara uku sun wadatar. Tsakanin 24 da 31 ana so ka yi aiki rabin lokacin da ke tsakanin cikarka 21 da ranar da ciwon ya kayar da kai. Buɗe asusu a shafin ssa.gov ka ga abin da aka rubuta maka shekara bayan shekara. Idan akwai shekarar da ka yi aiki amma aka sa sifili, nemi a gyara da takardun albashinka.

5. Tuƙin haya nake yi, wani lokacin ma a hannu ake biya na. Wannan yana shiga lissafi?

Abin da ka bayyana a takardar haraji kaɗai ke shiga. Mai aikin kansa shi ke biyan kason biyu, kashi 12.4 cikin 100, a kan ribar da ta rage bayan ya cire kuɗin mai da gyara da sauransu. A nan ne direbobi da masu kitso da masu kula da tsofaffi a gida suke cutuwa. Shekara da shekaru ana rage ribar a takarda don haraji ya yi sauƙi, ranar da baya ya riƙe sai a tarar makin bai cika ba, ko kuɗin watan ya fito ɗan mitsitsi. Wanda har yanzu yake da ƙarfinsa ya gyara wannan tun yau. Wanda ya riga ya kwanta kuma makin bai kai ba, SSI ce ta rage masa, a tambaya ta 7.

6. Na bar aiki shekara huɗu da suka wuce, sai yanzu nake tunanin nema. Na makara?

Mai yiwuwa ba ki makara ba, amma ki hanzarta. Saboda sharaɗin maki 20 cikin shekara goma, inshorar takan ci gaba da rufe mutum kimanin shekara biyar bayan ya daina aiki. Akwai ranar ƙarshe da hukumar ke da ita a fayil ɗinki. Ki tambaye su. Ana iya nema ko bayan wannan rana ta wuce, sai dai dole ki nuna cewa nakasar ta fara kafin ta, da takardun asibiti na wancan lokacin. Idan a shekarun ba ki riƙa ganin likita ba, hujjar na yin wuya ƙwarai.

7. Wace dukiya ce ke hana mutum SSI?

Iyakar dala 2,000 ce ga mutum ɗaya, 3,000 ga ma'aurata, kuma tun 1989 ba a taɓa ta ba, abin da a ganina ya daɗe da zama zalunci ga masu ƙaramin ƙarfi. Ba a ƙirga gidan da kake ciki, da mota ɗaya, da kayan ɗaki. Ana ƙirga kuɗin banki, da mota ta biyu, da fili ko gidan da ba ka zaune a ciki, ko da a wata ƙasa yake. Kada ka mayar da dukiya da sunan ɗan'uwa don ka sauka ƙasa da iyakar, domin kyautar da ita ko sayar da ita a wulaƙance na iya jawo a hana ka har wata 36.

Kuɗin shiga ma na rage abin da za a ba ka, har da wani kaso na albashin mijinki ko matarka. Idan a gidan wani kake zaune kyauta, ana iya zaftare kusan sulusi. Daga ƙarshen Satumban 2024 an daina ƙirga abincin da wani ya ba ka cikin wannan lissafi, matsuguni kaɗai ake dubawa. Akwai kuma asusun ABLE, asusun ajiya na musamman ga nakasassu, wanda za a iya ajiye har dala 100,000 a ciki ba tare da ya taɓa SSI ba. Da na waɗanda nakasarsu ta fara kafin shekara 26 ne, daga Janairun 2026 ya koma 46.

8. Ba ni da takardar zama ɗan ƙasa. Ina da haƙƙi?

Ga SSDI, eh, muddin kana zaune bisa doka, ka yi aiki da lambar da aka ba ka da izinin aiki, kuma makinka ya cika. SSI ce mai tsauri, tun dokar 22 ga Agustan 1996. Mai girin kad da ya shigo bayan wannan rana yakan jira shekara biyar, kuma sai ya nuna maki 40, kodayake ana iya haɗawa da na abokin aure ko na iyaye lokacin yana ƙarami. 'Yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka suna iya karɓa har shekara bakwai. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kafin su cika, sai a tsayar.

Masu tsoron kada tallafin ya ɓata musu takardu su bambance: SSDI haƙƙin aiki ne, SSI kuwa tana cikin taimakon kuɗi da jami'an shige da fice ke dubawa. Mai shirin sauya matsayinsa ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu.

9. Wa ke yanke hukunci, kuma ta yaya?

Ofishin SSA na unguwarku yana duba maki da dukiya ne kawai. Batun lafiya sai a tura wa wata hukumar jiha, inda jami'i da likitansu za su karanta fayil ɗin, galibi ba tare da sun taɓa ganin fuskarka ba. Tambaya biyar suke bi a jere. Kana aikin da ya wuce mizanin tambaya ta 2? In eh, magana ta ƙare. Ciwon ya yi tsananin da zai tauye ayyukan yau da kullum na wurin aiki? Ya dace da jerin cututtukan da ke tambaya ta 10? In ya dace, an amince ke nan.

In bai dace ba, sai su auna ragowar ƙarfinka: awa nawa za ka iya tsayuwa ko zama, nauyi nawa za ka ɗaga, za ka iya tattara hankali, za ka iya mu'amala da mutane. Da wannan suke amsa ta huɗu, ko za ka iya komawa aikin da ka yi a baya. Da shekara 15 ake waiwaya, daga Yunin 2024 aka mayar da shi biyar. Ta biyar ita ce ko akwai wani aikin daban da za ka iya, wanda ake samu da yawa a faɗin ƙasar. Ba sa duba ko ana ɗauka a garinku, ko za a ɗauke ka in ka nema. Mafi yawan shari'o'i a kan waɗannan biyun na ƙarshe ake ci ko a faɗi.

Shekaru na da nauyi a mataki na biyar. Wanda bai kai shekara 50 ba ana ɗaukar zai iya koyon sabon aiki. Daga 50, wanda aikin ƙarfi ya sani kuma yanzu ba zai iya komai ba sai na zaune, mai ɗaga abin da bai wuce kilo huɗu da rabi ba, sau da yawa ana amince masa. Daga 55 ƙofar ta ƙara faɗi. Rashin jin Turanci kuwa, da ana lissafa shi, amma tun Afrilun 2020 an cire. Shekarun da ka yi a makaranta ake tambaya, ko a wace ƙasa ka yi su.

10. Akwai cututtukan da ake amincewa da su kai tsaye?

Akwai jeri da ake kira Shuɗin Littafi, an kasa shi bisa sassan jiki, kuma kowane ciwo da ma'auninsa. Makanta, alal misali, ita ce ganin 20/200 (sai a nisan ƙafa 20 ka ga abin da mai lafiyar ido ke gani a ƙafa 200) ko ƙasa a idon da ya fi kyau bayan an sa tabarau, ko faɗin gani da bai wuce digiri 20 ba. Mai wankin ƙoda na dindindin yana ciki.

Sikila na ƙarƙashin sashe na 7.05, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne tashin ciwo sau shida cikin wata 12 da ya kai ga allurar kashe zafi mai ƙarfi, da tazarar kwana 30 tsakaninsu. Wata hanyar ita ce kwanciya asibiti sau uku a shekara, kowacce aƙalla awa 48. Wata kuma awon ƙarfin jini (haemoglobin) da ya nuna 7.0 ko ƙasa har sau uku a shekara. Masu sikila da yawa sun saba cije haƙori a gida, da ruwan zafi da ƙwaya, don sun gaji da zaman jira a sashen gaggawa. Duk tashin da aka jure a ɗaki, a idon fayil bai faru ba. Ko ba ka je asibiti ba, kira likitanka ko ka aika masa saƙo, ya shiga rubuce.

11. Yaushe ya kamata in nema, kuma ta wace hanya?

Da zarar ka daina aiki kuma likita na ganin abin zai kai shekara. Ba sai wata 12 sun cika ba. Wannan kuskure ne da ke cinye wa mutane kuɗi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ana nema ta intanet a ssa.gov, ko ta waya a 1-800-772-1213, ko a ofishi bayan an ba ka rana. Ranar da ka fara sanar da su niyyarka ana iya riƙe ta a matsayin ranar nema, don haka ka rubuta ta. Nema kyauta ne. Tafinta ma kyauta ne, kuma ya fi ka ɗauki yaronka ya fassara maka, domin akwai abubuwan da uba ba zai faɗa a gaban ɗansa ba, su ne kuwa ake bukatar ji.

12. Me zan tanada?

Sunaye da adireshi da lambobin duk likita da asibitin da ka je, da kwanakin zuwa, da magungunan da kake sha da abin da suke sa ka, kamar jiri ko barci. Ayyukan da ka yi a shekara biyar na baya, da bayanin nauyin da kake ɗagawa da awannin tsayuwa. Takardar haihuwa, takardun zama, takardar albashi ko ta haraji ta bara, da lambar asusun banki. Za ka sa hannu a fom SSA-827 don su karɓo bayananka daga asibitoci. Kada rashin wata takarda ya sa ka jinkirta. Shigar da neman, sauran su biyo baya.

13. Likitana ya rubuta cewa ba zan iya aiki ba. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Hukumar na ɗaukar wannan hukunci nata ne, kuma ga duk neman da aka shigar daga 27 ga Maris 2017 ba a fifita ra'ayin likitanka don kawai shi ke duba ka. Ana auna ko ya kafa hujja da gwaje-gwaje, da ko maganarsa ta yi daidai da sauran fayil ɗin. Wasiƙar da ke aiki ita ce mai cewa ba ya iya zama fiye da minti 20 sai ya miƙe, ba ya ɗaga abin da ya wuce kaza, zai rasa aiki kwana uku ko huɗu a wata.

Ga wurin da tarbiyyarmu ke yi mana illa. An koya mana idan aka ce "ya jiki" mu ce "da sauƙi", ko da daren jiya ba mu runtsa ba. Godiya ga Allah na nan a wurinta, amma likita abin da ka faɗa yake rubutawa, kuma "yana samun sauƙi" sau goma a fayil ya isa a ce ka warke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗa masa sau nawa ka faɗi, wa ke sa maka safa, me ya sa ka koma yin salla a zaune. Haka ma fom ɗin ayyukan yau da kullum: idan kina girki, ki ce a kan kujera, na minti goma, sannan ki kwanta. Kada a ƙara gishiri, kada kuma a rage. Idan suka tura ka wurin likitansu, su ke biya, kuma rashin zuwa ba dalili na iya sa a ƙi ka.

14. Ciwon damuwa da sauran larurar ƙwaƙwalwa suna shiga?

Suna shiga, babi guda gare su a Shuɗin Littafi, kuma ana haɗa tasirinsu da na ciwon jiki a auna gaba ɗaya. Wahalar ita ce hoto ba ya nuna su, sai tarihin zuwa wurin likita da shan magani. Wanda ya ɓoye saboda gudun abin da mutane za su ce ya bar rabin hujjarsa a gida. Idan shaye-shaye na ciki, dokar 1996 ta ce a tambaya: da zai daina, zai ci gaba da zama nakasasshe? In amsar a'a ce, ba a biya.

15. Har yaushe zan jira?

Hukuncin farko yakan ɗauki wata shida zuwa takwas. Tun 2008 akwai jerin cututtuka masu tsanani da ake hanzarta wa, irin su sankarar gaɓar da ke sarrafa suga (pancreas) da ciwon ALS mai shanye jijiyoyi, haka ma duk wanda likita ya ce ajali ya kusa. Idan ana shirin korar ka daga gida, ko ba ka da abinci ko magani, sanar da su a rubuce, domin akwai hanyar gaggauta fayil saboda matsi.

16. An ƙi ni. In sake sabon nema ne?

Ɗaukaka ƙara za ka yi. Kusan biyu cikin uku ake ƙi a zagayen farko, har da masu ciwo na gaske. Kwana 60 gare ka daga ranar da wasiƙar ta iso, kuma ana ɗaukar ta iso kwana biyar bayan ranar da ke jikinta. Sabon nema na jefar da kuɗin baya, wato na watannin da suka wuce ba a biya ka ba, kuma ga wanda ke yanayin tambaya ta 6 yana iya rufe ƙofar gaba ɗaya.

Matakai huɗu ne: a sake dubawa a hukumar jiha, zama gaban alƙalin hukumar, majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. A na farko kaɗan ne ke nasara, kada hakan ya karya maka gwiwa. Gaban alƙali ne karon farko da mai hukunci zai ji muryarka, kuma kusan rabin masu isa can ana amince musu. Ana sanar da kai kwana 75 kafin zaman, ana yi ido da ido ko ta bidiyo ko ta waya, kuma sabbin takardu su isa kwana biyar na aiki kafin ranar. Yawanci akwai masanin sana'o'i da alƙali zai tambaya ko mai irin iyakokinka na da aikin yi. Duk tsawon jiran nan ka ci gaba da ganin likita.

17. Sai da lauya? Ba ni da abin biyansa.

Ba dole ba ne, amma daga matakin alƙali ina ba da shawarar a samu, musamman don yi wa masanin sana'o'in tambayoyi. Ba a biya kafin aiki. In an ci, ana cire masa kashi 25 cikin 100 na kuɗin baya, bai wuce dala 9,200 ba tun ƙarshen Nuwamban 2024, kuma SSA ce ke miƙa masa. In an faɗi, ba shi da lada, sai dai ɗan kuɗin kwafin takardu idan yarjejeniyarku ta ce haka.

18. Nawa za a ba ni, daga yaushe?

SSDI na bin albashin da ka biya wa haraji a tsawon rayuwar aikinka, ba tsananin ciwon ba. Matsakaicinsa ɗan sama da dala 1,500 ne a wata. Akwai jiran wata biyar cikakku. Idan nakasar ta fara 10 ga Janairu, Fabrairu zuwa Yuni ba a biya, kuɗin Yuli ne na farko, kuma a Agusta zai shigo. Masu ALS ba sa wannan jira. Ana iya biyan ka har wata 12 kafin ranar nema. Idan kana karɓar diyyar rauni a wurin aiki, ana rage SSDI don jimillar kada ta wuce kashi 80 cikin 100 na abin da kake samu da.

SSI mafi yawanta dala 967 ce ga mutum ɗaya, 1,450 ga ma'aurata, wasu jihohi na ƙara wani abu. Ba ta komawa baya: daga watan da ya biyo bayan nemanka take farawa, shi ya sa ranar da aka ambata a tambaya ta 11 take da muhimmanci.

19. Asibiti fa, da iyalina?

Mai SSDI na samun Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, bayan wata 24 da fara cancantar kuɗi, tazarar da ke da tsawo ga marar lafiya. A tsakani nemi Medicaid ta jiharka, wato inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi. Mai SSI a yawancin jihohi Medicaid na zuwa masa tare da ita. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da girin kad ya binciki matsayinsa, domin dokar Yulin 2025 ta ƙuntata wa wasu rukunan baƙi.

A SSDI 'ya'yanka da ba su kai shekara 18 ba, ko 19 in suna sakandare, na iya samun har rabin kuɗinka kowanne, haka matar da ke renon ɗanka da bai kai shekara 16 ba ko ta kai shekara 62. Jimillar gidan ba ta wuce ninki ɗaya da rabi na naka. SSI ba ta da kason iyali.

20. In na ji ƙarfi na gwada aiki, za a yanke?

Ba nan take ba. Mai SSDI na da wata tara na gwaji, ba sai a jere ba, cikin wata 60, yana karɓar cikakken kuɗinsa komai ya samu. Watan da ya wuce dala 1,160 ne ake ƙirgawa. Sannan wata 36 da ake biyan sa duk watan da bai kai mizani ba. In aka tsayar kuma ciwon ya dawo cikin shekara biyar, ana iya mayar da shi ba sabon nema. A SSI ana yafe dala 85 na farko ga wanda ba shi da wani kuɗin shiga, sannan a rage dala ɗaya a kan kowace biyu. Sanar da su duk aikin da ka fara ka ajiye shaida, don abin da aka biya ka fiye da ƙima bashi ne da za a bi ka.

21. Zan iya tafiya wata ƙasa in yi jinya cikin dangi?

Mai SSI da ya yi kwana 30 a jere a waje, an tsayar, kuma sai ya dawo ya yi kwana 30 cikakku kafin a ci gaba. Ɗan ƙasa mai SSDI na karɓa a yawancin ƙasashe, ban da Kuba da Koriya ta Arewa. Wanda ba ɗan ƙasa ba yawanci ana tsayar masa bayan wata shida a waje, sai in ƙasarsa na cikin waɗanda aka keɓe. Tambayi ofishin kafin ka yanki tikiti. Medicare kuma kusan ba ta biyan jinyar waje.

22. In an amince, har abada ke nan?

Ana sake dubawa: bayan wata 6 zuwa 18 in ana sa ran sauƙi, kimanin shekara uku in mai yiwuwa ne, biyar zuwa bakwai in ba a sa rai. Kafin a yanke, a mafi yawan lokuta sai sun nuna lafiyarka ta inganta har ka iya aiki. In aka ce an yanke, ɗaukaka ƙara cikin kwana 10 ka nemi a ci gaba da biya har a gama, maimakon kwana 60 na tambaya ta 16. Da ka kai shekarun cikakkiyar ritaya, 67 ga wanda aka haifa daga 1960, SSDI na juyewa fansho da kanta, yawanci adadin bai canza ba, kuma an daina duba lafiyarka.